Corona Schröter, wadda ta riga Schubert sa wa Erlkönig kiɗa: rayuwarta, ayyukanta da yadda ake rera waƙarta

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kiɗa ne. An ba mu Erlkönig ta Schubert mu nazarta, sai aka ce mana wata mawaƙiya Bajamushiya, Corona Schröter, ta riga shi sa wa waɗannan baitoci kiɗa. Na nemo tata na saurara, sai na ji ta yi lami, babu tashin hankali, babu komai. Wace ce ita, me ta bari, kuma idan zan rera tata yaya zan yi kada ta gundiri masu sauraro?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka gaya maka gaskiya ne. Ta Schröter an tsara ta a 1782, ta Schubert a 1815, shekara 33 ke nan tsakani. Lamin da ka ji kuma ba daga kunnenka ba ne, amma ba daga kasawarta ba ne. Ita ta tsara kiɗan waƙar ne domin wani fage na wasan kwaikwayo, da bakin wata mace da ke zaune tana aiki, kuma ta bar rabin aikin a hannun mai rerawa da gangan. Duk wanda ya rera ta kamar yadda ake rera ta Schubert, ko ya rera ta ba tare da ya yi wancan rabin aikin ba, zai kashe ta.

An haife ta ranar 14 ga Janairu 1751 a garin Guben, wanda yau yake kan iyakar Jamus da Polan. Mahaifinta, Johann Friedrich Schröter, mabushi ne, yana busa obo a ƙungiyar kiɗan soja ta ƙasar Saxony. A lokacin sarki ɗaya ke riƙe da Saxony da Polan, shi ya sa iyalin suka yi zama a Warsaw kafin su koma Leipzig. Gida ne na makaɗa gaba ɗaya. Ƙaninta Johann Samuel ya zama mashahurin makaɗin fiyano a Landan, har ya gaji Johann Christian Bach a matsayin malamin kiɗan Sarauniya Charlotte a 1782. Mozart ya yaba da kiɗe-kiɗensa. Matar da Johann Samuel ya mutu ya bari, Rebecca Schroeter, ita ce wadda Haydn ya shaƙu da ita a Landan har ya sadaukar mata da kiɗe-kiɗe uku na fiyano da goge biyu. Na kawo wannan ne don kada ka rikice idan ka ci karo da sunan a tarihin Haydn.

A Leipzig ta faɗa hannun Johann Adam Hiller, wanda ke jagorantar babban taron kiɗa na garin, kuma shi ake ɗauka a matsayin uban Singspiel, wato wasan kwaikwayo na Jamusanci mai haɗa magana da waƙa. Tun tana kusan shekara 14 take tsayawa gaban jama'a. Abokiyar gasarta a dandali ɗaya ita ce Gertrud Elisabeth Schmeling, wadda daga baya duniya ta sani da suna Mara. Mara na da murya mai ƙarfi da gudu, ta tafi fadar Frederick Babba a Balin a 1771, ta zaga Turai. Corona kuwa an matsa wa muryarta tun tana yarinya, aka sa ta hawa sautuka masu tsini kafin maƙogwaro ya nuna, muryar ta raunana tun da wuri. Abin da ya rage mata, wanda mutanen zamaninta suka yi ta yabo, shi ne fitar da kalma tsaf, da tsayuwa mai kwarjini, da iya sa mai sauraro ya ji ma'anar abin da ake faɗa. Ka riƙe wannan, domin shi ne ƙashin bayan duk abin da ta tsara daga baya. Mai irin wannan murya ba za ta rubuta wa kanta waƙar da ke buƙatar ihu ba.

Goethe, babban marubucin Jamus wanda ya rubuta baitocin Erlkönig, ya gan ta tana waƙa lokacin da yake ɗalibi a Leipzig, tsakanin 1765 da 1768. Da ya samu gindin zama a Weimar a ƙarshen 1775, sai ya nemo ta. Dalilin a bayyane yake. Gobara ta cinye fadar Weimar a watan Mayu 1774, har da ɗakin wasanninta, 'yan wasan da ake biya suka tattara suka koma Gotha. Aka bar fadawa da 'ya'yan sarauta suna shirya wasanni da kansu don nishaɗi, babu ƙwararre ko ɗaya a cikinsu. A ƙarshen 1776 Corona ta iso a matsayin mawaƙiyar fadar Anna Amalia, mahaifiyar Duke Carl August mai mulkin Weimar, da albashin tala 400 a shekara. Don ka ga gwargwadonsa, Goethe kansa da tala 1,200 ya fara. Weimar a lokacin ƙaramin gari ne mai mutum wajen dubu shida, kuma ita ce kaɗai cikakkiyar gwanar dandali a cikin wannan ƙungiya ta masu sha'awa.

Babbar ranarta a matsayin 'yar wasa ita ce 6 ga Afrilu 1779, lokacin da aka fara nuna wasan Goethe mai suna Iphigenie auf Tauris a siffarsa ta farko ta zube. Ita ta fito a Iphigenie, Goethe da kansa ya fito a Orest, ɗan'uwanta a wasan. Mai zane Georg Melchior Kraus ya zana su tare, ita cikin farin tufafi irin na Girkawan dā. Littattafai da yawa daga nan suke karkata zuwa tambayar ko Goethe ya so ta, ko Duke ya neme ta ta ƙi. Wannan surutu ya cinye shafukan da ya kamata a ba kiɗanta, kuma yana cikin dalilan da suka sa ɗalibi irinka bai taɓa jin sunanta a ajin kiɗa ba.

Yanzu mu zo kan waƙar. Ranar 22 ga Yuli 1782 aka nuna Die Fischerin, wato Masunciya, a lambun Tiefurt, a bakin kogin Ilm, da dare, a fili. Goethe ya rubuta kalmomin, Corona ta tsara kiɗan wasan gaba ɗaya, kuma ita ta fito a Dortchen, 'yar masunci. Ana buɗe fage, Dortchen na zaune ita kaɗai a bakin ruwa tana gyaran koma, tana jiran mahaifinta da saurayinta Niklas waɗanda suka yi dare ba su dawo ba. Don ta rage zaman jira sai ta kama rera wata tsohuwar waƙa da ta haddace: uba a kan doki cikin dare da iska, ɗansa a hannu, yaron yana ganin sarkin aljanu, wato Erlkönig, yana kiransa, uban yana cewa hazo ne, ganye ne, itatuwa ne, har suka isa gida yaron ya mutu. Tana gamawa ta ci gaba da mitar jinkirin mazan, ta yanke shawarar tsorata su: ta bar bokitinta da hularta a bakin kogi, ta ɓoye, su ɗauka ruwa ya ci ta. Maƙwabta suka fito da wutar jiniya suna nema a gaɓar kogin, hasken yana wasa a kan ruwa, wanda shi ne abin kallon da aka shirya wasan dominsa. Daga ƙarshe ta fito, aka yi sulhu, aka sa ranar aure.

Ka ga ke nan Erlkönig a wurinta na asali waƙa ce a cikin wasa. Mai rerawa ba uban ba ce, ba yaron ba ce, ba aljanin ba ce. Yarinya ce mai aikin hannu da ke maimaita labarin da ta sha ji, cikin duhu, kusa da ruwa, tana fargabar abin da ya tsare mutanenta. Da Corona ta sa fiyano yana sukuwar doki a nan, da fagen ya wargaje, domin babu 'yar masunci da ke gyaran koma da irin wannan hayaniya. Goethe ma ya ɗauko salon ne daga wata tsohuwar waƙar gargajiya ta Danmak da marubuci Herder ya fassara a tarinsa na waƙoƙin jama'a, so yake a ji kamar daga bakin kakanni ta fito.

Ginin kiɗan ɗan kaɗan ne. Gida takwas ne kacal a takarda, ina nufin gidajen da layukan tsaye ke rabawa. Awonsa 6/8, wato kowane gida bugu biyu ne manya, kowane bugu ya rabu uku. Sautin da aka kafa ta a kai A ne, a jerin manjo mai haske, saɓanin ta Schubert da ke kan G a jerin maino mai duhu. Waƙar Goethe baiti takwas ce, kowane baiti ɗango huɗu, kowane ɗango da wuraren nauyi huɗu. Saboda haka ɗango ɗaya yana cin gida biyu, baiti ɗaya gida takwas, a maimaita sau takwas, jimla gida 64. Umarnin da ta rubuta a sama yana nufin a ɗan sassauta gudu, kuma a rera da yanayin abin al'ajabi. Wanda ya taɓa sauraron mai rera rubutacciyar waƙar Hausa yana ɗora baiti arba'in a kan kari guda, amma ka ji baitin gargaɗi ya sha bamban da baitin yabo, ya riga ya san dabarar da ake nema a nan. Goethe ya tsaya kai da fata a kan wannan salo. A bayanansa na shekarar 1801 ya yabi wani ɗan wasa, Wilhelm Ehlers, saboda iya fito da ma'anar kowane baiti dabam a kan kari ɗaya da jita, kuma ya soki masu ba kowane baiti kiɗansa. A 1816 an aika wa Goethe da waƙoƙin Schubert, ciki har da wannan, bai ce uffan ba. Sai a 1830, da Wilhelmine Schröder-Devrient ta rera masa ita, ya sauko. Lura da sunan: wannan Schröder ce da d, mace dabam, zamani dabam.

Ga yadda za ka tunkare ta. Kafin ka taɓa kari, ka ɗauki fensir ka raba muryoyi a takardar baitocin. Baiti na 1 da na 8 na mai ba da labari ne. A na 2 uba ke da ɗango na farko da na ƙarshe, yaro ke da biyun tsakiya. Na 3 da na 5 duka na sarkin aljanu ne. A na 4 da na 6 yaro ke da ɗango biyun farko, uba biyun ƙarshe. A na 7 aljani ya fara da biyu, yaro ya rufe da biyu. Sannan ka karanta baitocin da babbar murya, ba waƙa, har sai wanda bai ji Jamusanci ba zai iya gane inda mai magana ya canja. Idan bai gane a magana ba, ba zai gane a waƙa ba.

Da yake sautukan ba sa canjawa, kayan aikinka huɗu ne: ƙarfin murya, launinta, yadda kake furta baƙaƙe, da ɗan jinkiri ko hanzari. Uba yana son murya daga ƙirji, wasula a buɗe, bugu a daidai, domin shi mai kwantar da hankali ne. Yaro yana son murya siririya a gaban baki, baƙaƙe masu kaifi, numfashi gajere. Tsoronsa ya ƙaru daki-daki, a baiti na 2 tambaya ce, a na 4 roƙo, a na 6 firgici, a na 7 kuka. Sarkin aljanu shi ne mafi sanyin murya a cikinsu, kalmominsa a haɗe kamar zare, kusan da murmushi. A nan ne hasken manjo yake yi maka aiki, domin kari mai daɗi a bakin mai yaudarar yaro ya fi tayar da tsikar jiki fiye da kowane gurnani. Kuskuren da aka fi yi shi ne mayar da aljanin dodo tun daga baiti na 3. Idan ka yi haka, ba ka da inda za ka je a baiti na 7, inda ya bar lallashi ya ce zai yi amfani da ƙarfi. Ka ajiye taurin murya sai wannan ɗango kaɗai.

Amma duk wannan a cikin iyaka. Dortchen ce ke kwaikwayon muryoyin, kamar mai ba yara labari, don haka bambancin ya zama na ishara. Mai rerawa da ya dinga juya jiki dama da hagu yana sauya fuska ya fita daga waƙar Schröter.

Matsala ta biyu ta gaɓoɓi ce, kuma ita ke kayar da ɗalibai. Takardar tana nuna yadda kalmomin baiti na farko suka hau kan sautuka, sauran baitocin kai za ka daidaita. Ɗangwayen ba su da gaɓoɓi daidai. Amsar uba a ƙarshen baiti na 2, inda yake cewa hazo ne, gaɓa takwas ce. Ɗangon da ya buɗe baiti na 7, "Ich liebe dich, mich reizt deine schöne Gestalt", gaɓa 12 ne, kuma dole ya shiga cikin gida biyun nan. Ƙa'idar ita ce gaɓa mai nauyi ta faɗa kan babban bugu, marasa nauyi su raba abin da ya rage: inda gaɓa ɗaya ce tsakanin bugu biyu sai a yi dogo da gajere, inda biyu ne sai a yi uku daidai. Ka rubuta wannan a ƙarƙashin kowane ɗango da hannunka tun kafin gwaji. Wanda ya bari sai a kan dandali zai ɗora nauyi a kan gaɓar da ba tata ba, kuma a Jamusanci wannan yana ɓata kalma nan take. A wancan ɗango mai gaɓa 12, ka matse kalmomin farko, kuma ka bar matsin ya fito, domin ya dace da aljanin da haƙurinsa ya ƙare.

Game da gudu, shawarata ka sa babban bugu tsakanin 54 da 63 a minti ɗaya. Da haka waƙar za ta ɗauki minti biyu da 'yan daƙiƙu. Idan ka haura 70 ta koma waƙar rawa, 6/8 ɗin ya fara tsalle. Idan ka sauka ƙasa da 50, numfashi ba zai kai ƙarshen ɗango biyu ba, masu sauraro kuma za su fara ƙirga baitoci. Tsakanin baiti da baiti kada tazarar ta zama iri ɗaya: ka shiga baitin yaro da sauri kamar ya katse magana, ka ɗan dakata kafin aljani ya fara. A ɗango na ƙarshe, kafin kalmomi biyun da ke cewa ya mutu, ɗan tsayawa kaɗan ya isa, sannan ka faɗe su a fili ba tare da rawar murya ba.

Mai fiyano ma yana da nasa. Fiyanon shekarun 1780 maɓallai kusan 61 gare shi, jikinsa katako, gudumominsa sanye da fata, sautinsa yana mutuwa da wuri. Na yau 88 ne, da firam na ƙarfe, sauti yana daɗewa yana kumbura. Idan aka danna feda aka riƙe, 'yan sautukan rakiyar za su cakuɗe su rufe kalmomi. A rage feda ƙwarai, a sauƙaƙa hannun hagu, kuma kada a ƙara wani ado don cike gurbi. Jita ma ta dace da ita sosai. Idan sautin A bai zauna wa muryarka ba, ka sauke shi mataki ɗaya ko biyu ba tare da wani ɗar ba. Waƙoƙin gida na wancan zamani haka ake yi da su. Abin da ake nema shi ne waƙar ta zauna inda kake iya magana cikin sauƙi.

Sauran ayyukanta ba su da yawa a hannu. A 1786 ta buga tarin waƙoƙi 25 a Weimar, Erlkönig na ciki, kuma da dama daga cikin baitocin daga tarin Herder ta ɗauko su. A 1794 ta fitar da tari na biyu mai waƙoƙi 16 da rakiyar fiyano. Sanarwar da ta bayar kafin tarin farko, a mujallar kiɗa ta Cramer a 1785, tana da ban tausayi: ta ce ta daɗe tana jinkiri, domin an tarbiyyantar da mata a kan kada su fito bainar jama'a su kaɗai ba mai rakiya, kuma tana tsoron masana su kalli aikin mace da idon tausayi kawai. Mace ce da ta shekara ashirin tana tsayawa gaban jama'a take faɗin haka, saboda rera abin da namiji ya tsara abu ne da aka yarda da shi, sa sunanta a bangon littafi kuwa wani abu ne dabam. Kiɗan da ta sa wa wasu waƙoƙin marubuci Schiller ya ɓata, haka ma tarihin rayuwarta da ta rubuta ta ba Goethe.

Daga 1784, da aka kawo ƙungiyar 'yan wasa ta Bellomo mai albashi, wasannin fadawa suka mutu, ita ma ta ja baya daga dandali. Ta koma koyar da waƙa da wasa, da zane, wanda ta koya tun a Leipzig. Fitacciyar ɗalibarta ita ce Christiane Neumann, wadda ta rasu tana ƙuruciya a 1797, Goethe ya yi mata waƙar makoki. Ita kanta Corona ciwon huhu ya kama ta, ta koma Ilmenau a 1801 neman iskar tsaunuka tare da aminiyarta Wilhelmine Probst, ta rasu a can ranar 23 ga Agusta 1802 tana da shekara 51, ba ta taɓa aure ba. Goethe bai rubuta mata komai ba a lokacin. Ya ce bai ji kansa cikin halin yin hakan ba, ya wadatu da baitocin yabon da ya yi mata tun 1782 a cikin waƙar makokin Mieding, kafintan dandalinsu.

Idan za ka gabatar da waƙoƙin biyu a zama ɗaya, ka sa tata a gaba. Bayan guguwar fiyanon Schubert kunne ba ya iya komawa ga gida takwas. Kafin ka fara, ka gaya wa masu sauraro fagen a jimla biyu: dare ne, bakin kogi, yarinya tana gyaran koma tana jiran waɗanda ba su dawo ba. Ka ba su fassarar baitocin a takarda, domin a wannan salo wanda bai san abin da ake faɗa ba kari ɗaya kawai zai ji sau takwas. In da hali ka rera ta a zaune, da haske kaɗan, kuma ka haddace baitocin takwas duka, saboda mai leƙen takarda ba ya iya sauya murya a tsakiyar baiti a kan lokaci.